Hayar Mai Binciken Sirri: Wa Ke Da Alhaki In Ya Ƙetare Iyaka?

A watan Janairun 2007 wata kotu a Landan ta yanke wa Glenn Mulcaire ɗaurin wata shida. Mulcaire mai bincike ne mai zaman kansa, wanda jaridar News of the World ke biya sama da fam 100,000 a shekara don ya riƙa kawo mata sirrin mutane. Hanyarsa ita ce kutsawa cikin saƙonnin muryar da ake bar wa mutane a waya, har da na ma'aikatan gidan sarautar Birtaniya. Da 'yan sanda suka kama shi a 2006, sun kwashe rubuce-rubucensa, shafi wajen 11,000, cike da sunaye da lambobin waya da lambobin sirri. A kusurwar sama ta shafuka da dama, ya rubuta sunan ɗan jaridar da ya ba shi aikin. Waɗannan sunaye na kusurwa su ne suka biyo masu su daga baya.

A Yulin 2011 jaridar Guardian ta fallasa cewa har wayar wata yarinya 'yar shekara 13 da aka sace aka kashe a 2002 News of the World ta sa an saurara. Cikin mako guda aka rufe News of the World, bayan shekara 168 tana fitowa. A 2014 aka ɗaure tsohon editanta, Andy Coulson, wata 18.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, a Birtaniya ba a buƙatar lasisi kafin a buɗe ofishin bincike. Dokar harkar tsaro mai zaman kanta ta 2001 ta tanadi ba da lasisin, Theresa May kuma ta yi alkawari a 2013, tana Sakatariyar Cikin Gida, cewa za a fara. Shekaru suka shuɗe ba a aiwatar ba. A Amurka akasarin jihohi na neman lasisi. Kalifoniya ma sai mutum ya nuna ya yi aikin bincike na awa 6,000, ya ci jarrabawa, an duba tarihinsa. To amma lasisi izinin sana'a ne kawai. Da shi da babu shi, mai bincike ba shi da wani iko da ya wuce na kowane ɗan ƙasa. Ba ya shiga gida ba izini, ba ya tilasta wa banki ko asibiti ko kamfanin waya su ba shi bayani, ba ya shigar burtu a matsayin ɗan sanda.

Abin da doka ta bar masa ba kaɗan ba ne. Yana iya duba rajistar kamfanoni da ta filaye da hukunce-hukuncen kotu, ya nemo wanda ya gudu da bashi, ya kai takardun kotu, ya tattauna da shaidu, ya ɗauki hoton mutum a bainar jama'a idan da dalili mai ƙarfi. Lauyoyi da kamfanonin inshora na dogara da irin wannan aiki kullum, kuma sana'a ce ta halak. Ko bibiyar ma tana da haddi: in ta yawaita har ta zama takurawa, dokar Birtaniya ta hana musguna wa mutane ta 1997 na jiran mai yi.

Inda aka fi faɗawa shi ne samun bayani ta hanyar yaudara. Mai bincike zai buga wa banki waya, ya ce shi ne mai asusun, ya faɗi ranar haihuwa da adireshi, ma'aikaci ya karanto masa kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwamfuta ba, amma laifi ne. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta 1998, da ta 2018 da ta gaje ta, ba su tsaya kan wanda ya samo bayanin ba, sun haɗa da wanda ya sa aka samo. A 2006 Kwamishinan Bayanai ya bayyana cewa takardun mai bincike guda ɗaya, Steve Whittamore, na ɗauke da sunayen 'yan jarida 305 da suka ba shi aiki. A farkon 2018 kuma kotu ta ci tarar wani kamfanin tantance asarar inshora fam 50,000 saboda bayanan bankin wani mutum da masu bincikensa suka samo ta haramtacciyar hanya. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma a nan doka ta yarda da Bahaushe.

A ganina nan ne mai ɗaukar haya ya fi yaudarar kansa. Yakan ce, ni sakamako na biya, ban tambayi hanya ba. Amma wanda ya nemi jerin kiran wayar matarsa ko bayanan asusun abokin cinikinsa ya san sarai ba a samunsu a kasuwa. Buƙatar da ya gabatar ita ce ta zaɓi hanyar.

Ko a gaban alƙali, hujjar da aka samo ta bayan gida tana da tsada. A wata shari'a ta 2003, wata mata ta nemi diyyar rauni a hannu. Mai binciken kamfanin inshora ya shiga gidanta da sunan mai jin ra'ayin masu sayen kaya, da kyamara a ɓoye, ya ɗauke ta tana amfani da hannun. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karɓi bidiyon don gaskiya ta fito, amma ta yi tir da dabarar, ta kuma ɗora wa ɓangaren da ya aike shi kuɗin shari'ar da aka kashe kan batun.

Maganar ta shafe mu, ganin yadda a garuruwanmu ake samun masu cewa a biya su su bi diddigin waya ko su buɗo WhatsApp ɗin wani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, ga dokar laifukan intanet ta 2015, ga ta kare bayanai ta 2023. Duk wanda zai ɗauki mai bincike, ya nemi yarjejeniya a rubuce da ta faɗi abin da za a nemo da hanyar da za a bi, ya bi ta hannun lauya in batun zai kai kotu, ya kuma janye da zarar an ce masa akwai "mutuminmu" a banki ko a kamfanin waya.

A Birtaniya lissafin bai gama fitowa ba sai bayan shekaru. A Janairun 2025 kamfanin News Group Newspapers, mai jaridar The Sun, ya nemi afuwar Yarima Harry, ya biya shi diyya mai yawa, ya kuma amince cewa masu binciken da suka yi wa jaridar The Sun aiki tsakanin 1996 da 2011 sun aikata abubuwan da suka saɓa wa doka.