Bayani Kan Na'urar Kwaikwayon Farantin Sola da Amfaninta Wajen Gwajin Kayan Aiki

Kamar yadda jama'a suka sani, rijiyoyin burtsatse da fitilun kan titi da firinjin ajiye alluran riga-kafi a ƙauyukanmu da dama sun dogara ne ga wutar sola. Sau da yawa idan irin wannan aiki ya tsaya, akan ɗora laifin kan faranti, alhali matsalar tana cikin inbata ko na'urar daidaita cajin batir. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani kan na'urar da ake gwada waɗannan kaya da ita kafin su iso gare mu.

Na'urar kwaikwayon farantin sola akwati ne da ake jona wa wutar lantarki a ɗakin gwaji. Injiniya yana tsara ta da kwamfuta, sai ta riƙa fitar da wuta daidai da yadda faranti yake fitarwa. Shi faranti ba kamar batir yake ba. Idan aka ja masa wuta fiye da kima, ƙarfinsa yana faɗuwa nan take. Akwai wani mataki guda da yake bayar da wuta mafi yawa, kuma wannan mataki yana sauyawa da haske da zafi. Aikin inbata mai kyau shi ne ta riƙa bin wannan mataki, abin da masu sana'ar ke kira MPPT.

Adadin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, da zafin digiri 25. Amma a bazara faranti yakan kai digiri 65, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. Ke nan farantin wat 300 zai sauko zuwa kusan wat 252. Ƙurar hunturu da hadarin damina su ma suna rage wutar.

Ba za a iya umurtar rana ta maimaita yanayi guda sau biyu ba, amma wannan na'ura tana iyawa. Cikin sa'o'i kaɗan za ta kwaikwayi hantsi da tsakar rana da giftawar gajimare, a ga ko inbata za ta jure. Kamfanoni irin su Keysight da Chroma suna ƙera ta, kuma ƙa'idar Turai mai lamba EN 50530 ta shekarar 2010 ta tsara yadda ake yin gwajin. A lura cewa ba ta gwada farantin kansa. Wannan aikin wata na'ura ce dabam mai haska fitila.

Don haka muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su nemi takardar sakamakon gwaji daga ɗan kwangila kafin su karɓi kaya, su kuma tabbatar lambar da ke kan takardar ta yi daidai da ta jikin inbata. Haka nan a nemi shaidar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON. Ga dagatai da masu unguwanni da kwamitocin ruwa, muna roƙon a riƙa share ƙura daga kan faranti, a kuma kai rahoto da wuri idan famfo yana tsayawa da tsakar rana. Dukiyar al'umma amana ce a hannunmu baki ɗaya.