Jerin Bayit a Wayar Hannu da Yadda Ake Gane Shi

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe zai faɗi 21, sai ya ce ashirin da ɗaya, ya gabatar da babban adadi a kan ƙarami. Balarabe kuwa da ɗayan yake farawa, sa'an nan ya kawo ashirin. Adadin bai sake ba, jerin ne ya bambanta. Irin wannan saɓani yana nan tsakanin na'urori masu ƙwaƙwalwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana asalinsa, da yadda mai rubuta manhajar waya yake gane jerin da na'urarsa take bi.

2.0 Asalin Saɓanin

Ma'ajiyar kwamfuta ta kasu ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ana kiransa bayit. Bayit ɗaya ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 255, saboda haka duk wanda ya fi haka sai an raba shi ɗaki biyu ko fiye. Alal misali, 258 shi ne 256 sau ɗaya da ɗoriyar 2, watau bayit biyu ke nan: 1 da 2. To, wanne zai shiga ɗakin farko? Wasu na'urori, kamar Motorola 68000, suna fara ajiye 1; wannan shi ne jerin babba-gaba. Wasu kuma, kamar na kamfanin Intel, da 2 suke farawa. Shi ne ƙarami-gaba. In aka rubuta da jeri ɗaya aka karanta da ɗayan, 258 sai ya koma 513, kuma na'ura ba za ta yi ƙorafi ba.

A shekarar 1980 wani masani a Amurka, Danny Cohen, ya kwatanta wannan gardama da wani labari na littafin tafiye-tafiyen Gulliver, wanda Jonathan Swift ya wallafa a 1726. A can mutanen Lilliput sun yi ta yaƙi a kan ko ta babban gefe ake fasa ƙwai ko ta ƙarami. Nufin Cohen shi ne babu jerin da ya fi wani, yarjejeniya kurum ake bukata.

3.0 Abin da Ya Shafi Waya

Galibin wayoyin Android da iPhone suna aiki da ƙwaƙwalwar ARM, wadda aka tsara ta iya jerin biyu, amma a waɗannan wayoyi ƙarami-gaba take bi. Sai dai waya ba ita kaɗai take zaune ba. Ƙa'idojin intanet babba-gaba suka zaɓa, haka ma hoton PNG, alhali fayil ɗin sauti na WAV ƙarami-gaba ne. Har a cikin wayar Android kanta, ma'ajin ByteBuffer na harshen Java da babba-gaba yake farawa, in ba an umarce shi da wani jerin ba.

Masu nazarin Hausa ma abin bai bar su ba. Lambar harafin ƙ a tsarin Unicode ita ce 409, watau bayit 1 da 153 idan an ajiye shi da UTF-16. In aka juya su, sai a sami 39169, wadda lambar wani harafin Sinanci ce. Haka ɓ da ɗ suke rikiɗa. Ke nan kuskuren jeri ɗaya ya isa ya mayar da ƙamus ɗin Hausa abin da ba mai iya karantawa.

4.0 Hanyoyin Ganewa

Hanya ta farko gwaji ce, kuma tsohuwa ce a harshen C. Ana ajiye adadi 1 a gurbi mai bayit biyu ko huɗu, sa'an nan a leƙa ɗakin farko kaɗai. In an tarar da 1, na'urar ƙarami-gaba ce. In sifiri ne, babba-gaba ce.

Ta biyu ita ce tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. A Android ana kiran ByteOrder.nativeOrder(), a iPhone kuma CFByteOrderGetCurrent(), kowanne ya ba da amsa nan take.

Ta uku ba na'urar ake tambaya ba, fayil ɗin ne yake faɗin jerinsa da kansa. Hoton TIFF yana buɗewa da II idan ƙarami-gaba ne, ko MM idan babba-gaba ne, domin tunawa da Intel da Motorola. Rubutun UTF-16 kuma yakan zo da wata alama a farkonsa, wadda yadda bayit ɗinta biyu suka jeru yake nuna jerin sauran.

5.0 Kammalawa

Ana iya cewa tun da wayoyi sun bi jeri ɗaya, binciken ɓata lokaci ne. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A 2006 kamfanin Apple ya mayar da kwamfutocinsa daga PowerPC mai babba-gaba zuwa Intel, sai da aka bi manhajojin da suka dogara da tsohon jeri aka gyara su. Saboda haka sanin jerin na'ura rabin aiki ne. Cikonsa shi ne a ƙayyade jerin kowane fayil da kowane saƙo tun wajen rubutawa, a kuma karanta shi da wannan jerin ko a wace na'ura, kamar dai yadda daidaitacciyar ƙa'idar rubutu take sa Bakano da Basakkwace su karanta takarda ɗaya.