Ko Kun Sani? Ayu Ma Yakan Maƙale

Mazaunin Hanwa a Zariya ba sai ya je bakin teku ba kafin ya ga babbar dabbar ruwa mai shayarwa. Ayu na rayuwa a kogin Binuwai da Neja, da tafkin Pandam na Jihar Filato. Ciyawar ruwa ce abincinsa, kuma dole ya riƙa leƙo da hanci yana shaƙar iska. Idan rani ya tsananta ruwa ya janye, yakan maƙale a kududdufi. Abin takaici, nan mafarauta ke cim masa, alhali wata dokar ƙasa ta 1985 ta hana kashe shi. A Amurka kuwa, tun shekarar 2000 majalisa ta kafa tallafin Prescott, kuɗin gwamnati da ake bai wa masu ceto da jinyar dabbobin teku masu shayarwa da suka maƙale a gaɓa.