Ƙananan kalmomin da ake ji a rahoton ƙarshen shekara

Duk kamfanin da ya sayar wa jama'a hannun jari, kamar Dangote Cement ko manyan bankuna, dole ne ya fitar da rahoton shekara kafin babban taron masu hannun jari. Littafi ne mai kauri, da Turanci. Namu na ƙungiya bai wuce shafi biyu ba, sakatariya ce ke karanta shi ranar rabo. Sai dai aikinsu ɗaya ne: a gaya wa masu kuɗi inda kuɗinsu ya kwana.

Idan ana karanta rahoton nan, kowa adadi take jira. Ni kuwa ina so ku riƙa kasa kunne ga 'yan kalmomin da ke haɗa magana da magana, waɗanda malaman Hausa ke kira mahaɗai, irin su "amma", "saboda" da "kuma".

Bari mu yi misali. Sakatariya ta ce: "Bana mun tara naira 300,000, amma mata huɗu ba su gama biyan bashi ba." To, ku juya ta: "Mata huɗu ba su gama biyan bashi ba, amma bana mun tara naira 300,000." Ko kwabo bai canza ba. Ta farko za ta sa ku gyara zama, ta biyu kuwa har guɗa sai a yi. Abin da ya biyo bayan "amma" shi ke zama a kunne, masu rubuta wa kamfanoni jawabin shugaba sun san haka sarai, shi ya sa sukan fara da matsala su rufe da albishir. Ba lallai ƙarya ce ba fa. Zaɓi ne na abin da za ki koma gida da shi.

Don haka da kun ji "amma" ko "sai dai", wata ta ɗaga hannu ta ce, "Nawa ne?" Idan bashin matan nan huɗu 40,000 ne, kuma an lissafa shi cikin 300,000 ɗin, ashe 260,000 ce a akwati. Da ita za a yi rabo, ba da wadda ke hannun mutane ba.

"Saboda" ta fi ba ni tsoro, don tana rufe bakin mai tambaya. "Riba ta ragu saboda tsadar kaya." Kowa ta san kaya sun yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, wa za ta musa? Amma ribar ƙungiya daga abin da ake ɗorawa a kan bashi take fitowa, da 'yar tarar makara. Shin mata ne suka daina karɓar bashi, ko an karɓa ba a dawo da shi ba? Littafi zai nuna. A buɗe shi.

Ke kuma sakatariya, idan ba ki tabbatar wannan ne ya jawo wancan ba, rubuta "kuma", ki bar mata su auna da kansu. Duk inda kika sa "amma", sa adadi a bayanta. Sannan masu makullai uku su buɗe akwati, masu ƙirga su ƙirga a gaban kowa, a gwada da abin da kika karanta kafin a fara kiran suna.