Kokowa: Idon alƙali ne ke buɗe hanyar takobi

A Tahoua aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya zama sarkin kokowa. A yau kowace jiha na tura ’yan kokowa goma.

Matashin Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela sai ya tsallake wasannin share fage kafin ya shiga cikinsu. A waɗannan filayen babu na’urar VAR irin wadda FIFA ta kawo gasar kofin duniya ta 2018. Idon alƙali kaɗai ke tantance kaye. In ya nuna son kai, horon shekara guda ya tafi a banza, ’yan kallo kuma su daina yarda da sakamako.