Mutumin da Ya Riƙe Zuciyarsa a Hannu

Duk wanda ya taɓa feɗe rago a Tenhya ko a kasuwar Tanut ya san zuciya ba ta fi dunƙulen hannu ba, ɗakuna huɗu gare ta da manyan jijiyoyi. A ciro ta mutum a dasa wa wani kuwa, sai a ce tatsuniya ce. To, an yi.

Ran 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, likita Christiaan Barnard ya dasa wa Louis Washkansky zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe. Zuciyar ta buga lafiya lau, amma magungunan da aka ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar suka karya masa garkuwa. Ciwon huhu ya kashe shi bayan kwana 18.

Barnard bai karaya ba. Ran 2 ga Janairu 1968 ya tsaga ƙirjin wani likitan haƙori, Philip Blaiberg, ya jona shi da injin da ke yin aikin zuciya da huhu. Bai cire tsohuwar zuciyar gaba ɗaya ba. Ya bar bangon baya na ɗakunan sama, inda jijiyoyi ke shigo da jini, ya ɗinka sabuwar a kai kamar mai yi wa riga maho, sannan ya haɗa manyan jijiyoyi biyu masu fitar da jini. Dabarar ta Norman Shumway da Richard Lower ce, waɗanda suka daɗe suna gwada ta a kan karnuka a Amurka. Barnard dai ya riga su kai ga ɗan Adam.

Sabuwar zuciyar ta Clive Haupt ce, matashi ɗan shekara 24 da ya yanke jiki ya faɗi a bakin teku. Blaiberg farar fata ne, Haupt kuwa dokar wariyar launin fata ta hana irinsa zama a unguwar Turawa. Inda ƙafarsa ba ta isa ta taka ba, can zuciyarsa ta je ta yi wata 19 tana aiki, har Blaiberg ya rasu a Agustan 1969. Yau, albarkacin magunguna irin su saikulosforin, kusan rabin waɗanda aka yi wa dashen sukan haura shekara 10.

Tun lokacin da Blaiberg ya murmure daga dashen, Barnard ya ɗauko wata kwalba ya miƙa masa. Tsohuwar zuciyarsa ce a ciki. Ya karɓa, ya jujjuya ta, yana yi wa likita tambayoyi a kanta.