Jemagen da bai kai nauyin dala ba

A yammacin ƙasar Tailan, cikin jihar Kancanaburi, inda kogin Kwai ke ratsa duwatsu, akwai wani ɗan jemage wanda masana ke lissafawa cikin mafi ƙanƙantar dabbobi masu shayarwa a duniya. Tsawon jikinsa milimeta 29 zuwa 33 ne, nauyinsa kuwa kamar garam 2, wato ko tsabar dala guda ta fi shi nauyi. Hancinsa ya yi kama da na alade, kunnuwansa manya ne, ba shi da wutsiya.

Wani masani ɗan ƙasar, Kitti Thonglongya, shi ne ya gano shi a 1973. Allah bai ba shi tsawon rai ba, ya rasu a 1974, shekarar da Baturen Ingila John Hill ya bayyana dabbar ga duniya, ya kuma raɗa mata sunan marigayin. A 2001 aka sake samun irinta a kudu maso gabashin Birmaniya.

Wannan jemage yana wuni cikin kogon dutse, can ciki inda haske ba ya kaiwa. Da almuru ya fita kamar rabin awa, da asuba kuma kamar minti 20, yana kewaya kan itatuwa da gora da gonakin rogo, yana kama ƙananan ƙwari. Wani siririn kuka yake yi, amsa-kuwwar da ta dawo masa ita ke nuna masa inda abinci yake. Da wuya ya wuce kilomita guda daga kogonsa. Macen kuwa ɗa guda take haifa a shekara, wajen watan Afrilu.

A nan hatsarin yake. Dabbar da ba ta nisa, ba ta kuma yawan haihuwa, idan aka taɓa gidanta ba ta da mafita. Kogonta na cikin farin dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Malbaza, masu masana'antu kuwa suna son sa. Ga ƴan yawon buɗe ido da ke kutsawa ciki, ga hayaƙin turaren masu ibada, ga ƙunar daji da kan faɗo daidai lokacin haihuwa.

A 1980 hukumomin Tailan suka keɓe gandun dajin Sai Yok, wanda ya haɗa da wasu daga cikin kogunan dutsen. Sauran suna waje, kuma dutsen da aka fasa aka niƙa ba ya sake zama kogo.